Farantin Kawu Isiyaku

Duk wanda ya zauna da Kawu Isiyaku ko da na rabin yini ne ya san tambayarsa. Ka ce masa zafin Garwa na yau ya fi na jiya, sai ya ɗago kai daga cikin inji, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce, "Wa ya auna?" Ka ce masa kogin Binuwai ya cika bana fiye da bara, wa ya auna? Ranar da aka kawo albishir matar ɗansa ta haifi ƙaton yaro, sai da matarsa Inna Hajara ta riga shi magana: "Malam, in ka yi tambayar nan, wallahi yau ba ka cin tuwo a gidan nan." Ya haɗiye ta, amma duk mun ga leɓensa yana motsi.

Yayan mahaifiyata ne, kuma kun san garejinsa, rumfar kwanon nan ta unguwar Rumde Ajiya, bayan masu sayar da katako, jingine da katangar gidansa. Mutum ne da bai yarda da awon tela ba, da nasa tef yake zuwa ɗinki. In mai rediyo ya ce ƙarfe ɗaya daidai, sai Kawu ya ce, "Shi kuma agogon wa ya duba?" Amma duk wannan wasa ne in aka zo maganar faranti.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin inji ba, akwai wani sandan ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi, mu muna ce masa kamshaf kamar 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka. Shi ke buɗe bawul ya rufe, mai ya shiga, hayaƙi ya fita. In ya yi gaggawa ko ya makara, ko da kaɗan ne, mota ta zama raguwa. In abin ya yi yawa, fistin ya doki bawul, inji ya tashi aiki. Masu ƙera shi sun sauƙaƙa wa makanikai, sun buga ɗigo a jikin giyar da sarƙa ke ja. Ka daidaita ɗigo da ɗigo, ka ɗaure, ka wanke hannu. Haka kowa ke yi daga nan har garin Kusiri, ban da Kawu.

"Ɗigon nan wa ya buga shi?" in ji shi. "Ka san shi? Ka san ko ranar da faɗan matarsa ya fito aiki?"

Da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, kayan gyara na asali suka gagari mutane, aka koma shigo da wasu a kwalayen da ba suna ba adireshi, sai zargin Kawu ya samu abinci. Ya ce shi ba zai ƙara ɗaura kamshaf ba sai ya ga da idonsa a digiri nawa yake buɗe bawul, a nawa yake rufewa. Wannan aiki kuwa yana bukatar faifai mai zagaye na gaskiya, wanda aka raba gida ɗari uku da sittin. Kawu ya shiga kasuwa da zare da ƙusa yana gwada farantai ɗaya bayan ɗaya, har masu kayan suka koma kifar da nasu in sun hango shi. Duk ya ce karkatattu ne. A ƙarshe ya samu abin da yake nema a ɗakin matarsa: babban farantin silba mai zanen fure a tsakiya, na kayan aurenta. Ta tafi suna unguwar Jambutu, ta dawo ta tarar an huda furen, an fara tsaga bakin farantin da ƙusa.

"Malam! Farantina na aure?"

"Hajara, ki gode wa Allah. A duk Garwa naki kaɗai ne da'ira ta gaskiya. Shekara ashirin kina zuba masa ƙosai ba ki sani ba."

Shekara goma sha biyar ta yi tana neman a mayar mata da farantinta, ko da hudar.

Yadda yake aikin ma abin kallo ne. Ya ɗaura farantin a gaban inji, ya lanƙwasa waya ta zama manuni. Ko fistin bai yarda da shi ba. Sai ya zura wani tsohon fulogi mai dogon ƙarfe, ya juya inji ta dama har fistin ya taɓa ƙarfen, ya yi alama, ya juya ta hagu har ya sake taɓawa, ya yi alama, ya ce gaskiya tana tsakiyar biyun. Sannan ya ɗora wani ɗan agogo mai allura ɗaya a kan bawul, ya tsuguna, yana juyawa a hankali, yana ƙunƙuni da lambobi, yana rubutawa a littafi. Aikin da wani zai gama kafin la'asar, Kawu sai ya kwana biyu a kansa.

To, ku da kanku kun san zamanin. Lokaci ne da in mutum uku suka tsaya a inuwa ɗaya, na huɗu zai zo sauraro. Wani ya kai wa hukuma rahoto cewa akwai tsoho a Rumde Ajiya mai faifan alamomi, da agogon da ba ya nuna lokaci, da littafi cike da lambobi da sunayen direbobin da ke tsallaka iyaka. Rannan da hantsi sai ga wata 'yar farar mota ta tsaya, wani mutum ya fito da baƙin tabarau, yana Faransanci ta hanci. Masu katako duk suka tuna suna da aiki a bayan rumfa. Kawu ko kallon mutumin bai yi ba, motar yake kallo.

"Mushe," in ji Kawu, wato yallaɓai da Faransanci, "wa ya ɗaura maka kamshaf?"

"Ni ne mai tambaya a nan, tsoho."

"To yi. Amma motarka ta makara. Tun daga kwana na jiyo ta."

Mutumin ya ɗauki littafin ya ce a yi masa bayanin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce bayani da baki ba ya zama a kai, ya buɗe gaban motar kawai ya gani da idonsa. Kafin azahar mai binciken yana tsugune riƙe da waya, an ce kada ya motsa, hannun rigarsa duk baƙin mai. Kwana uku motarsa ta yi a rumfar. Wanda ya zo kama Kawu, shi ne ya koma gida a ƙafa! Da ya dawo ya karɓi motar, ya ji yadda take tashi, har hannu ya ba Kawu. Bayan ya tafi Kawu ya bi shi da kallo ya ce, "Ni ban yarda ma'aikaci ba ne. Katin da ya nuna mini, hoton ya fi shi kunne."

Ana dariyar waɗannan, ni ma ina yi. Amma akwai wanda ban cika bayarwa ba, don ni ne a ciki, kuma ba ni ne na fito da kyau ba.

A lokacin ina da akori-kura ɗaya. Ita ce gonata, ita ce shagona, da ita nake ciyar da mata da 'ya'ya uku. Alhaji Garba na Jambutu, mai fataucin bandar kifin tafkin Lagdo, ya rabu da direbansa, ya kira ni ya ce, "Bala, ranar Alhamis akwai kaya. In ka kai su Ngawundere kafin jirgin ƙasa na yamma ya tashi, hanyar ta zama taka. In jirgi ya tafi ya bar kifina, ka ci gaba da gaishe ni a masallaci, amma kada ka ƙara yi mini maganar kaya." Matsalar ita ce hawan dutsen nan na Falez, kafin a shiga Ngawundere. In motata ta ɗauki kaya sosai, a nan take zama kamar tsohuwa a matakala. Sai na sayi sabon kamshaf wajen wani mai shigo da kaya, irin wanda aka ce an yi shi don jan nauyi a hawa, har da 'yar takardarsa mai lambobi. Ranar Litinin na kai wa Kawu.

Akwai abin da ban gaya masa ba. Kawu yana da doka: motar da hannun wani makanike ya shiga cikin injinta ba ta ƙara shiga rumfarsa. Motar limamin unguwa ma ya kora a kan haka. Wata takwas kafin nan, yana Kusiri wajen ta'aziyya, injina ya yi zafi, kan injin ya ɗan lanƙwashe. Na kai wa Metir Buba, wato oga Buba, wani matashin makanike mai saurin aiki. Ya kankare kan injin ya daidaita shi, ya ce bari ya ƙara kankarewa sosai don mota ta ƙara ƙarfi. Na ce to. Mai da ƙura suka rufe wurin, ni ma na rufe bakina.

Kawu ya karɓi sabon kamshaf kamar an miƙa masa ɓarawo. Ya shinshina shi. Ya gangara shi a kan gilashi ya ga ko zai yi ɗingishi. Ya karanta takardar ya ce, "Wanda ya rubuta wannan, ya taɓa ganin Falez?" Ya ɗaura shi ɗigo da ɗigo, ya kafa faranti, ya sa ni juya inji. Allura ta motsa, ya duba waya, sai fuskarsa ta washe.

"Na kama shi! Ya makara da digiri huɗu. Huɗu cur! Da wajen masu ɗigo ka kai, da a Falez za ka ci kifin Alhaji."

Na ce to a gyara mana. Ya ce ba ya gyara abin da bai san dalilinsa ba, sai ya gano wanda ya ci huɗun nan.

Ranar Talata ya zargi sarƙa, ya ce ta miƙe. Aka sa sabuwa, huɗu. Ya zargi giyar, ya gwada wata, huɗu. Ya zagi masu ƙera kamshaf, da mai shigo da shi, da wanda ya buga takardar. Sannan ya ce bari ya kunyata su da hujja. Ya cire sabon ya mayar da tsohon kamshaf ɗina, wanda shi da kansa ya auna shekara biyu da suka wuce, ya rubuta a littafi cewa daidai yake. Na juya inji. Ya duba waya. Ya duba littafi. Ya sake duba waya. Tsohon ma ya makara da huɗu.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Bala, bayan ni wani ya taɓa injin nan?"

"Haba Kawu! Wa zai taɓa?"

Ya ce, "To."

Jama'a, to kawai ya ce. Mutumin da bai yarda da tela ba, bai yarda da rediyo ba, bai yarda da katin hukuma ba. Tun da nake ban taɓa jin an gaya masa magana ya karɓa haka ba. Na tsaya ina jiran tambayar nan tasa, ba ta zo ba.

Laraba da safe ya sake awon tun daga farko, sau uku. Ya sa na karanta masa lambar da idona, na ce huɗu. Ina kallon rana tana hawa, ina lissafin gobe Alhamis, inji a buɗe, ga kifin Alhaji yana jira. Ina kuma lissafin in na buɗe baki za a turo mini mota waje a warwatse. Kusan azahar sai na ga Kawu ya ɗauki sifana ya kwance farantin. Ya goge shi tsaf, gaba da baya, ya saka a hammata, ya nufi cikin gida. Na bi shi.

Inna Hajara tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya miƙa mata.

"Ga farantinki, Hajara. Ko shi ya fara ƙarya, ko idona. Ko wanne ne, na gama aiki." Ya juyo gare ni. "Kai kuma ka kira Buba ya haɗa maka ɗigo da ɗigo, kada ka rasa kayan Alhaji saboda tsoho."

Matar da ta shekara goma sha biyar tana neman farantin nan sai ta mayar da hannuwanta baya. Ba ta dubi faranti ba, ba ta dubi mijinta ba, ni ta duba.

"Bala, kai kuma me ya sa kake zufa a inuwa?"

Na durƙusa a nan tsakar gida na faɗi komai: zafin inji, Metir Buba, kankarewar farko, da ƙarin da aka yi. Na sunkuyar da kai ina jiran kora. Da na ɗago sai na ga leɓen Kawu yana motsi, yatsunsa suna lissafi a iska.

"An kankare kai... kai ya sauko ƙasa... tsakaninsa da gindin inji ya ragu, sarƙa ta saki, kamshaf ya ja baya..." Sai ya daka tsalle, tsoho mai shekara sittin da wani abu. "Huɗu! Hajara, huɗun gaskiya ne! Alhamdu lillahi, ashe ɗan ƙanwata ne maƙaryaci!"

"Malam, wannan abin murna ne?"

"Maƙaryata sun cika gari, Hajara. Farantin guda ɗaya ne."

Ya rungume abinsa ya yi waje, ya bar ni a durƙushe. Inna ta ce, "Tashi ka bi shi, sakarai, kafin ya tuna da dokarsa."

Ya tuna, amma ya yi mata fatawa. Ya ce dokar ta hana mota shigowa ne, tawa kuwa tana ciki aka gano laifinta. Ya sauke kan injin ya auna kaurinsa, ya yi tsaki ya ce Buba da fartanya ya yi aikin. Ya huda sabon rami a jikin giyar don kamshaf ya matso gaba da digiri huɗun nan. Ya aike ni bakin Binuwai na ɗebo yumɓu, ya manna a kan fistin, ya rufe, ya juya inji, ya sake buɗewa, ya yanka yumɓun da reza don ya ga ratar da ta rage tsakanin fistin da bawul. Ya ce akwai wuri, amma ba don halina ba.

Alhamis bayan sallar asuba muka ƙarasa ɗauri. Yana jan ƙusa ta ƙarshe, bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Da ka faɗa mini ranar Talata, da ban zargi idona ba." Wannan kaɗai ya faɗa a kan maganar, bai kuma sake tayar da ita ba har ya bar duniya. Na fi son da ya zage ni.

Na yi lodi a Jambutu da hantsi. A Falez, inda na saba hawa da giya ta ɗaya da salati, motar ta haye da ta biyu, har na wuce wata babbar mota ina yi wa direban hon. Na isa tasha ana kan loda jirgi. Alhaji Garba ya cika alkawari, shekara goma sha ɗaya ina jan kifinsa a hanyar nan. Da na dawo na wuce rumfar kai tsaye, na ce, "Kawu, wallahi ta hau kamar ba kaya!"

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya auna?"

Ban taɓa jin daɗin tambayar nan ba sai ranar, ko da yake na gane abin da take nufi: an mayar da ni cikin sauran jama'a. Daga nan ko gaisuwa na kawo masa daga mahaifiyata, sai ya aika a tambaye ta.

Rashin lafiyarsa na ajali bai yi tsawo ba. A asibiti ma sai da ya sa aka gwada masa hawan jini a hannun dama, aka sake a na hagu, ya ce gaskiya tana tsakiyar biyun. Ranar da ya rasu, aka kawo kara aka gwada tsawonsa don a kai wa masu haƙa kabari, kamar yadda aka saba. Mai karan ya gwada sau ɗaya ya miƙe zai fita. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Malam, don Allah sake gwadawa" ba. Sai na ji wani a bakin ƙofa ya yi ƙoƙarin danne dariya ta ƙi, na duba, Metir Buba ne, hawaye na zuba a fuskarsa. Mai karan ya durƙusa ya sake gwadawa, daga kai zuwa ƙafa, sannan daga ƙafa zuwa kai.

Farantin yana ɗakin Inna Hajara yanzu, a rataye ta hudar nan ta tsakiyar fure. Makanikai biyu sun zo neman aro ta hana. Ta ce ba ta yarda da su ba.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ya ƙi cutar kowa da ko digiri ɗaya, ya kuma yarda da ni a ranar da ban cancanta ba. Ranar da za a kafa ma'auni, ka yi masa awo da rahamarka, ka cika masa har ya zuba. Ka haskaka kabarinsa, ka ba Inna haƙuri, mu kuma ka sa mu cika da imani. Amin.